Yaya Istifanus da Bencin Horo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Istifanus makwancinsa. Damina ce kamar wannan, irin ta Jos, wadda ruwa ke yini yana yayyafi ba tsawa ba iska, har sanyi ya shiga ƙashi. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in mayar. Bana dai na ce bari in yi, tun da sauran waɗanda suka san shi a raye, kada in faɗi abin da ba mai shaida.

A unguwar Rikkos muka tashi, lokacin da mahaifinmu ke aikin kuza. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Sule, wani dattijo mai koyar da yara karatu a zaurensa. Mahaifinmu Kirista ne wanda ba ya wasa da sujada, amma shi da kansa ya kai mu wurin Malam ya ce a koya mana ajami, don 'yan takardun bishara da ke gidanmu a lokacin da ajami aka buga su. A zauren nan Yaya ya ɗauki wata ɗabi'a da ta bi shi har tsufa. Malam ba ya yarda a bar takarda mai sunan Allah a ƙasa. Yaya ya girma, ya buɗe shagon gyaran keken ɗinki a Kwararafa, ya zama ɗaya daga cikin dattawan da ke jagorantar majami'armu, amma in yana tafiya ya hango guntun takarda a kan hanya sai ya sunkuya ya duba. In da sunan Allah a jiki, ko da wane rubutu ne, ya kakkaɓe ya sa a aljihu. A shagonsa kuwa, in mai ciniki ya fara rantse-rantse sai ya ce, "Ajiye sunan nan tukuna, mu gama da keken. Keken nawa yake?"

Na fara da wannan ne don mai karatu ya san ba mutum ne mai sakaci da sunan Mahaliccinsa ba. Ya gaskata akwai ranar shari'a, kuma in yana maganarta muryarsa takan sauka, kamar mai maganar abin da ya hango da ido.

A majami'armu akwai wata gwauruwa, Rifkatu, mai sayar da gwate, faten nan na mutanen Jos, a bakin titi. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Dauda, saurayi da ya isa aure. Wata damina ramin kuza ya rufta da shi. Ranar jana'iza, fasto na tsakiyar addu'a a bakin kabari, matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, na waƙa a hankali, sai Rifkatu ta cire ɗankwalin zumunta daga kanta ta jefa cikin ramin. Ta ɗaga fuska sama ta kira Allah da sunan da ake kiran mai cin amanar marayu, ta ce daga yau ba ita ba shi. Ba zan maimaita kalmominta ba. Na ji su da kunnena. Waƙa ta tsaya. Matasa suna wurin, maƙwabta Musulmi da suka zo ta'aziyya suna wurin, kowa ya ji.

Magana zarar bunu ce. Bayan kwanakin makoki majalisar dattawa ta zauna a kan batun. Ga wanda bai san tsarinmu ba, in ɗan ikilisiya ya yi zunubi a fili akan sa shi horo. Za a sanar ranar Lahadi, ya bar wurin zamansa ya koma bencin da ke can baya kusa da ƙofa, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tuna mutuwar Almasihu, ba zai riƙe wani aiki ba, har sai an ga tubansa an maido shi. Dattawan da suka ce a sa Rifkatu horo ba mugaye ba ne, na san su ɗaya bayan ɗaya. Hujjarsu ita ce saɓo ne, a bainar jama'a aka yi shi, in aka yi shiru matasa za su ɗauka sunan Allah abin wasa ne. Yaya bai musa cewa zunubi ba ne. Abin da ya roƙa shi ne a jinkirta. Ya ce wanda wuta ta ƙona ba a yi masa wanka da ruwan zafi, a bari ciwon ya huce. Aka saurare shi da ladabi, aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, ya sha kaye. Ranar Lahadi aka sanar.

Abin da kowa ya yi tsammani shi ya faru, Rifkatu ta daina zuwa. Yaya ya ga in aka bar ta haka, ba benci kaɗai za ta rasa ba. Sai ya mai da wurin gwatenta wurin karin kumallonsa. Ya je ya saya, ya zauna ya sha, ya yi godiya ya tafi, bai taɓa ɗauko mata wa'azi ba. Wata safiya ina tare da shi, ita da kanta ta buɗe maganar tana juya tukunya, ba ta ko dube shi ba.

"Baba, ka daina wahalar da ƙafarka. Tun ina yarinya nake ji akwai zunubin da ba a gafartawa, duniya da lahira. To, ni na yi shi."

Ya ce, "Maman Dauda, kina samun barci?"

"Barci? Ina na gan shi?"

"Me ke hana ki?"

"Tsoro, Baba."

Ya ajiye cokali. "To ki sani, masu wancan zunubin barci suke yi har da minshari. Sun ga haske sun ce duhu ne, kuma ko a jikinsu. Ke faɗa kika yi da Ubanki a tsakar gida, da mummunan baki, kuma za ki ba shi haƙuri. Amma ba wanda ke faɗa da wanda ya tabbata babu shi. Ƙara mini gwaten."

Ta ɗauki ludayi ta ƙara masa. Sai da aka yi 'yan makonni sannan wata Lahadi muka gan ta ta shigo bayan an fara waƙa, ba ɗankwalin zumunta, ta zauna a bencin baya inda feshin ruwa ke shigowa ta ƙofa. Dattawa kuwa a gaba suke zama, kusa da bagade, suna fuskantar jama'a. Yaya ya tashi daga kujerarsa, ya bi tsakiyar majami'a kowa na kallo, ya je ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ya buɗe littafin waƙoƙinsa ya ci gaba. Da Lahadin Jibi ta zo aka miƙo masa faranti, ya girgiza kai ya bar shi ya wuce.

Fastonmu na lokacin mutumin kirki ne, abin ya dame shi. Bayan sujada ya tare Yaya a ƙofa, ina tsaye.

"Dattijo, majalisa ba ta sa ka horo ba. Ko jayayya kake da mu?"

"A'a, Fasto. An kaɗa ƙuri'a, na bi. Amma ranar da uwar 'ya'yana ta rasu, abin da baiwar Allah nan ta faɗa da baki na faɗi irinsa a zuci. Ban san bambancinmu ba, sai dai ni mutane ba su ji ba. Shi kuwa wanda muka faɗa wa, ya ji mu duka biyu. Wurina ke nan har ta tashi."

Kada a ɗauka abin ya zo masa a banza. Shi ba mata, ita ba miji, bakin mutane kuwa ba ya rasa abin taunawa. Wasu suka ce lallai akwai abin da ya ɓoye. Wasu suka ce yana raina majalisa. Da zaɓen dattawa ya zagayo ba a mai da shi ba, kuma har ya bar duniya bai sake zama a kujerar gaba ba. Na taɓa ce masa, "Yaya, ka bar girmanka ya zube haka?" Ya yi dariya ya ce daga baya ma an fi jin wa'azi, don ba a ganin mai gyangyaɗi.

Nakan zauna yanzu in tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. A lokacinsa in mutum ya yi ɓarin baki, waɗanda ke wurin ne suka ji, kuma su ne suka san hawayen da ya riga maganar fitowa. Yau kowa da waya a hannu. Kafin mai maganar ya haɗiye yawu, an ɗauka, an yanke farkon an yanke ƙarshen, an watsa wa mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, kowannensu kuma alƙali ne. Kalmar saɓo ta zama ashana a ƙasar nan, mu mutanen Jos ba sai an gaya mana abin da ashana ke yi ba. Kada kuma mu Kirista mu miƙa yatsa waje kawai. Na ga 'ya'yan ikilisiya suna rubuta wa mamaci hukuncin wuta a waya tun ba a rufe kabarinsa ba, suna cewa kishin Allah ne.

Na san Yaya ba zai ce saɓo ƙaramin abu ba ne. Ba zai ce a ɗauke bencin horo ba, ni ma ban ce ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, horon ikilisiya bulalar uwa ce, ana yin ta don yaro ya dawo ɗaki. Hukunci na ƙarshe kuwa kujera ce mai Mai ita, kuma bai taɓa cewa ya gaji a taya shi zama ba. Yakan tuna mana cewa Almasihu da kansa, a kan gicciye, ya ɗaga murya ya tambayi Uba dalilin yashe shi, kuma ya yi wa masu zaginsa addu'a suna tsakiyar zagin. Wanda ya san zai tsaya gaban wannan Alƙali da abin da ya faɗa a fili da wanda ya faɗa a zuci, in ji Yaya, hannunsa ba ya saurin ɗaukar dutse.

Gab da Kirsimeti ta waccan shekarar Rifkatu ta nemi a maido ta. Ta tsaya a gaban jama'a kamar yadda aka saba. Mun yi zaton doguwar magana, sai ta ce kawai, "Na zagi Ubana. Ciwon bai warke ba, amma ba ni da wani Uban. Ku gafarta mini." Fasto ya tambayi ikilisiya, hannuwa suka tashi, har na waɗanda suka sa ta horon. Da aka miƙa mata ƙoƙon Jibi ta karɓa ta kai baki. Yaya ya jira ta haɗiye, sannan ya miƙa nasa hannun.

To, me ya rage na Istifanus bayan shekara goma sha ɗaya? Shagon Kwararafa an sayar, yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki. Matasan majami'armu da yawa ba su san sunansa ba. Da ina ganin abin da ya bari bai wuce labarin da ni ke bayarwa ba, sai watan jiya.

Mun je jana'izar wani direba a Daɗin Kowa, wanda ya bar matashiyar mata da goyo. Ana sauke akwati sai matar ta ƙwace daga hannun masu riƙe ta, ta ɗaga fuska sama, bakinta ya buɗe. Na san wannan ɗaga fuskar. Wani saurayi a gefena har ya ɗaga waya. Sai ga Rifkatu, wadda yanzu da sanda take tafiya, ta danne hannunsa ƙasa, ta juya ga matan zumunta ta ce, "Ku ɗaga waƙa!" Tulunan kiɗa suka ɗauka, muryoyi suka tashi, ita kuwa ta yar da sandar ta rungume matar mamacin, ta kifa fuskar yarinyar a kafaɗarta. Muna ganin jikin yarinyar na girgiza tana ta magana, ba mai jin ko kalma ɗaya. Ba a sauke waƙar ba sai da ta yi laushi.

A hanyar fita na rage tafiya har Rifkatu ta iso ni. Na ce, "Maman Dauda, me yarinyar nan take ta faɗa?"

Ta dube ni da jajayen idanu. "Malam, ai ba da ni take ba. Wanda take yi da shi ya ji, kuma ya san abin da zai yi da ita. Ni dai jibi zan kai mata gwate."