Ƙarfen da Baba Yake Bugawa

Jiya wani mai faci a Batsari ya buga ƙarfen taya, sai na waiwaya. Irinsa Baba mai bishara ya rataya a bishiyar bedi, yana kiran sujada duk Lahadi a ƙauyenmu wajen Runka.

Ranar da muke gudun 'yan bindiga, na riƙe hannunsa mai kaushi na ce, "Baba, hau mota. Wa za ka kira?"

Ya ce, "Ɗiyata, tsofaffi uku sun rage. Wanda ya ajiye ni nan bai sallame ni ba."

Can ya rasu bara. Ni kuwa na daɗe ban taka majami'a ba, tun jiya na kasa zama. Ubangiji ya hutar da shi, ni kada ya bar kunnena ya huta.