Wankin Ciki da Akuyar Suna

Ran da aka kai ni gidan miji a Kafanchan, a ƙarshen 1987, uwar mijina ta zo daga Madakiya da akuya a bayan a-kori-kura. Ƙaramar akuya ce, baƙa mai farin goshi. Ta ɗaure ta a gindin mangwaro, ta ce ta suna ce, kada wanda ya taɓa ta sai ranar da aka kai ɗana na fari majami'a. Na ce to, Mama. A lissafina akuyar ba za ta ga Kirsimeti biyu ba.

Mijina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sai ya yi mako ban ga ƙeyarsa ba. Mutum ne mai tsaraba, wannan kam ba zan hana shi ba: garin rogo, manja, burodi, wani lokaci har atamfa. A aljihun rigar aikinsa kuma kullum akwai ƙwayoyin nan ja da rawaya, ƙulle a leda. Haka abokan aikinsa suke yi. Mutum ya sauko daga jirgi, ya biya kemis, ya sayi guda biyu, ya buɗe su ya zazzage garin a kwalbar lemo ya shanye. Na tambaye shi na mene ne, ya ce ruwan hanya ba shi da kyau, wankin ciki ne. Ni kuwa ɗinki kawai na iya, sai na ce Allah ya kiyaye hanya.

Shekara ta zagayo, akuya ta haifi biyu, ni shiru. Abin da nake da shi kawai mara ce mai murɗawa lokaci-lokaci, da ɗan zazzaɓi mai zuwa ya tafi. Mama ta zo ta dube ni sama da ƙasa. Hausarta ta kasuwa da majami'a ce, namiji da mace duk "kai" ne a bakinta.

"Cikinka yana da datti," in ji ta. "Yaro ba ya zama a ɗaki da ba a share ba."

To, sai aka shiga shara. Mama ta kawo jiƙon saiwa mai ɗacin da ke sa mutum ya tuba. Matan zumunta na majami'armu kowacce ta zo da nata. Maigida kuma ya buɗe ledarsa, ya ce in sha biyu duk lokacin da mara ta motsa. Ina sha ciwon ya lafa, sai in daina. Ya dawo, in koma. Shekaru muka yi a haka, har mai kemis ya daina tambayata me nake so, da ya hango ni sai ya miƙa hannu kan kanta.

Cikin ya wanku kuwa, tas. Tuwo ya daina zama, doya ta daina zama, wake ma ba a magana. A majami'a na bar layin mawaƙa na koma benci na kusa da ƙofa, fasto yana "Bari mu yi addu'a" ni ina bayan gida. Na rame, amma cikina ya kumbura da iska, har maƙwabta suka fara yi mini murmushin nan na "mun gani". Mama ta ji labari, ta aiko da dusa a ƙara wa akuya ƙiba. Wannan ya fi gudawar yi mini ciwo, domin ni ma na so in yarda.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo nono unguwarmu da hantsi. "Amarya" take kirana, ko da auren ya tsufa. Wata rana na sayi kindirmo don ba abin da zan iya ci, sai ga shi ya zauna. Washegari ma ya zauna. Na gaya mata, ta ce, "To amarya, in ƙaro ludayi?" Ita dai ciniki take yi. Na zama mai shan kindirmo safe da rana.

Wajen 1993 ne maigida ya yarda muka je wani asibiti a Jos. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton mara, likita ya kira mu tare. Ya fara da hanji. Ya ce akwai ƙananan halittu da ke zaune a cikin kowa, ido ba ya ganinsu, su ne ke taya mutum narkar da abinci, kuma na yi shekara da shekaru ina kashe su da ƙwaya. Ashe dattin da muke sharewa masu gida ne. Ya ce in daina shan maganin da ba a rubuta mini ba, in ci gaba da kindirmona, za su dawo.

Sannan ya juya wajen mijina ya tambaye shi ko yana jin zafi in zai yi fitsari.

"Likita, ai sanyi ne kawai. Kowa yana yi a aikinmu."

Likita ya ce ƙwaya biyu ba ta kashe ciwon sanyi, bakinsa kawai take rufewa, mutum ya ɗauko shi ya kawo gida. Ya ce a jikin mace yakan hau sama ba hayaniya, ya ci hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ya nuna hoton. Nawa duka biyun sun toshe. Ni tela ce, na gane: kubakar wando ce aka hau kanta da keken ɗinki, zariya ba za ta wuce ba. Na tambaya ko su ma za su dawo kamar na hanjin. Ya ce kada in sa rai.

Wallahi ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika ni, irin wanda ke busar da ido. Duk tsarabar da mutumin nan ya kawo mini, wannan ce kaɗai ba ta ƙare ba. Muka sha maganin da aka rubuta mana, mu biyu, har ƙwaya ta ƙarshe. Bai sake sa leda a aljihu ba, ban kuma yaba masa ba.

Da Kirsimeti Mama ta zo da sabon jiƙo a galan. Na ce wa maigida ko ya gaya mata abin da likita ya ce, ko in gaya mata a gaban matan zumunta. Ya gaya mata da yarensu, kansa a ƙasa. Ban ji duka ba, amma na ga ta ajiye galan. Daga nan ta tashi ta nufi gindin mangwaro, ta kwance akuyar, wadda a lokacin har jikoki gare ta, ta kira maƙwabcinmu ya zo da wuƙa.

Ita ta dafa da kanta. Ɗanta ta zuba masa ƙafa ɗaya, ba romo. Ni ta tsame mini hanta da duk tsoka mai kyau, irin rabon da ake ba mai jego, ta ajiye a gabana.

"Ci, ɗana," in ji ta. "Naka ne tun farko."

Na ci har na suɗe kwano. Naman ya yi tauri, akuyar ta tsufa tana jira. Cikina kuwa ya riƙe shi duka, ko motsi bai yi ba.