Kuɓewar Makka

Shekaru da yawa baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na je aikin Hajji. Lokacin ina sabon malamin gona, ina yawo ƙauyuka a keke ina koya wa manoma shuka a layi, kaina kuwa cike da karatu. Na sauka gidan kawuna a unguwar Tandabawi a Makka. Kafin in huta, ya gama shelanta wa unguwa cewa ɗansa likitan gona ne.

Bayan an gama Hajji wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta yi sallama. Ta Sudan suka zo Makka ita da mijinta, shi kuma ya rasu. Tana da ɗan fili a bayan gari kusa da wata rijiya, inda take noman kuɓewa tana sayar wa Hausawa, da shi take ciyar da jikoki uku. Ta ce ganyen na ƙonewa tun daga baki.

Muka hau motar kaya muka je. Ina kallo ɗaya na ce, "Inna, takin zamani take so."

Ta dube ni. "Ya waladi, ɗana, ka ɗanɗana ƙasar tukuna?"

Na duƙa na kai 'yar ƙasa baki. Gishiri ne zalla. Ta ce ta daɗe da sanin haka, maganin ne ba ta sani ba. Kunya ta rufe ni, amma na tuna an koya mana wannan. Don tattalin ruwa take yayyafawa kaɗan-kaɗan kullum, rana ta shanye, gishirin ya taso sama.

Kwana shida muna aiki. Muka tada kunya, muka yi sabuwar shuka a gefenta maimakon a kai, muka zuba kashin awaki. Na ce ta riƙa shayarwa sosai amma jefi-jefi. Ta yarda da rabin filin kawai, wai ba ta gama amincewa da ni ba. Na dawo gida ban ga ko tsiro ba, kuma abin ya daɗe yana damuna, don abincin marayu na taɓa.

Da shekara ta zagayo, wani alhajin garinmu ya kawo mini ƙunshin busasshiyar kuɓewa. Ya ce, "Tsohuwar nan ta ce a gaya maka ta mayar da ɗaya rabin ma yadda ka koya mata."

Na yi shekara talatin ina aikin nan, ban ƙara buɗe baki a gonar wani kafin mai gonar ya gama magana ba. Har yanzu nakan tuna mahaifiyata tana kaɗa miyar tana dariya, tana cewa, "Kowa dabino da zamzam ake aiko masa daga Makka, ɗana kuɓewa."