Garken da Ke Cikin Ɗangoggo

Kin taɓa ganin wanda ya yi kiwo a cikin tumbinsa? To matso ki ji labarin ƙanena Ɗangoggo.

Sana'arsa turkar raguna a kasuwar Dei-Dei. A kawo masa rago kamar tsinke, ya yi ta ɗura masa dusa har ya kasa tashi. Bayan ragunan nan ba abin da yake taƙama da shi kamar gurbinsa a masallacin kasuwa, sahun farko, daidai ƙeyar liman. In liman ya yi tafiya shi ke jan sallah, yana wani karkata hula.

Sai taifot ta kwantar da shi. Ya warke, amma ciki ya ƙi zama. 'Yarsa Kauthar ta kai shi wurin wata likita a Utako. Likitar ta ce maganin da ya sha ya haɗa har da wasu 'yan halittu na kirki da ke hanji ya kashe. Ya riƙa shan kindirmo su dawo, ya ci wake da ganye da albasa, shi ne abincinsu. Kaɗan-kaɗan, in ji ta.

A ƙofar asibiti ya yar da kaɗan-kaɗan ɗin. Mutum ya ji yana da garke! Safe wake, rana wake, kindirmo ƙwarya guda, ɗanyar albasa kamar goro. Kauthar ta ce, "Baba, ba fa raguna ba ne." Ya ce, "Ke za ki koya min kiwo?"

Garke kuwa ya ƙoshi, ya fara kuka. Alwala ta daina zama. Ran da liman ya tafi Zariya, Ɗangoggo ya shige gaba, lasifika a kunne. Yana sunkuyawa ruku'u, har masu siminti a tsallaken titi sai da suka ji. Ya jawo Nasrullahi mai katako ya ƙarasa musu, ya fita riƙe da hanci wai haɓo.

Dattawa suka ba shi zaɓi: ko wake ko sahu. Ya koma bakin ƙofa, kusa da butoci.

Da zai koma gida Katsina gaba ɗaya ya zo min sallama. Na ce, "Kai dai ka yi asara, sarkin kiwo."

Ya leƙa tukunyata ya ce, "Yaya, sahu ya riga ya tafi. Su kuma in bar su da yunwa? Zubo min waken nan."