Yahuza da Notin da Taki Bai Ci Ba

Yahuza jikana ne, mai walda a bakin hanyar Sheme. Tun yana rarrafe ba a barin abu mai murfi kusa da shi. Rediyon kakansa ya fara kwancewa, kuma har marigayin ya koma ga Allah, tari take yi maimakon labarai.

Da ya yi aure sai ya ce mota zai ƙera. Ya samo injin wata tsohuwar a-kori-kura, tayoyi daga Ƙanƙara, kujeru kuwa Allah kaɗai ya san inda ya kwaso su. Ba ta da rufi, sai wani ƙarfe da ya lanƙwasa kamar baka, ya ɗaure shi da noti a bisa kujerun. Wai in mota ta kife, ƙarfen zai tokare ƙasa, kan mutum ya tsira.

Na ce, "Wato tun ba a tashi ba ka san kifewa za ta yi."

"Hajiya, ke da ba hawa za ki yi ba, mi ya dame ki?"

"Ce maka na yi na gaji da duniya?"

Mota dai ta tashi. Da damina tana kai wa manoma taki, da kaka ta kwaso masara. Sai wata rana a hanyar 'Yargoje ta zame cikin taɓo, ta kwanta a hankali kamar saniyar da ta ƙoshi. Ƙarfen nan da ake taƙama da shi ya yi tsalle ya bar ta. Yahuza ya fito da kurjewar kafaɗa, ya tsinto notin. Kawunansu fes da fenti, cikinsu kuwa ja wur, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ashe buhunan takin da yake jinginawa a gindin ƙarfen su ne suka yi aikin. Taki ya zube, ruwan sama ya jiƙa shi, ya zauna yana cin ƙarfe ba wanda ya gani.

Lokacin matarsa Lauratu tana da ƙaramin ciki, da motar yake kai ta awo Faskari, don babur na tayar mata da ciwon baya. Labari ya kai Sabuwa, garin iyayenta. Mahaifinta, Malam Gide, ya iso ko ruwa bai sha ba.

"Ɗiyata ba ta ƙara hawa wannan abin. In ba ka da abin kai ta asibiti, in tahi da ita tun yanzu, ka gan ta bayan arba'in."

Yahuza ya durƙusa. "Baba, a ba ni zuwa yankan gero."

Malam Gide ya yarda da ƙyar, amma ya sa Lauratu ta ɗaure kayanta ta ajiye. Ta ɗaure tana kuka.

Daga nan jikana ya zama mahaukacin noti. Ya zaga Ƙanƙara, ya leƙa Funtuwa, ya dawo da iri-iri a aljihu. Akwai farare masu ƙyalli irin ƙarfen cokali. Akwai baƙaƙe masu lamba a ka, waɗanda aka ce sun fi ƙarfi. Akwai wasu munana ruwan toka, irin na ɗaure ƙafafun tankin burtsatse, da aka tsoma cikin tutiya, su ma da lambarsu. Ya ɗauke mini tukunyar ƙasa ba sallama, ya dama taki da ruwa, ya zuba su duka ya rufe.

Na ce, "In miyar ta nuna a sammini."

Kullum sai ya buɗe ya leƙa, ya fi mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe zumuɗi. Baƙaƙen suka fara yin ja. Fararen ko gezau, har ya fara murna, amma da ya sa musu sifana ya ƙara da dogon bututu ya danna, sai suka murɗe suka tsinke. Munanan nan tsatsa ba ta kama su ba, sifana kuma ta gaji ta bar su.

"Haka maza suke," na ce wa Lauratu. "Kyawawan ba su jure komai. Ki gode wa Allah naki ba kyau."

Ya ɗaure ƙarfen da munanan notin, ya sa faranti mai kauri a gindi, ya yi wa taki akwatinsa daban can baya.

Ranar da Malam Gide ya dawo, Yahuza bai tsaya rantse-rantse ba. Ya ɗaure buhun masara a kowace kujera, ya tara maza da igiya a gangaren bayan gari, suka kifar da motar da gangan. Ta juya, tayoyi sama. Ƙarfen ya nutse cikin ƙasa kaɗan ya tsaya cak.

Malam Gide ya tattare rigarsa ya tsuguna. Ya zura hannu tsakanin buhu da ƙasa, hannun ya wuce har gwiwa. Ya karɓi sifana ya gwada notin ɗaya bayan ɗaya, yana nishi. Da aka tayar da motar, aka sauke buhunan, sai ya haye kujera ya gyara hula.

"Kai ni Faskari ka maido ni. In na dawo da raina, ta hau."

Sun dawo bayan la'asar, Malam yana faɗa wai gudun ya yi kaɗan. Ya ci tuwo, ya nemi motar Sabuwa shi kaɗai. Kafin ya kai bakin titi Lauratu ta kwance ƙullin kayanta.