Yaya Sale da Neman Ɗan da Inna Ba Ta Kiran Sunansa

A wannan watan yayana, Malam Sale, ya cika shekara ashirin a ƙasa. Ni ce autar ɗakinmu, kuma ni kaɗai na rage. Ɗan bokon da nake rubuta wannan da shi ma nasa ne, domin in ya dawo daga ajin yaƙi da jahilci yakan zaunar da ni a tsakar gida ya zana mini baƙaƙe a ƙasa da tsinke, in na kuskure ya ce kaina ya fi turmi tauri. Saboda haka in masu karatu sun ga gyara a rubutun nan, su yi haƙuri, malamin ne ya tafi bai gama da ɗalibarsa ba.

Yaya bai ga ruwan madatsar Tiga ba. Bai ga babura da ƙananan motocin nan da suke ɗaukar mutum daga Yako da hantsi su kai shi Tudun Wada ya dawo ya yi la'asar a gida ba. Duk sanda na shiga irin motar nan sai na tuna shi, don wannan hanyar a kan keke ya san ta, keken da facin tayarsa ya fi tayar yawa. Abin da ya ɗora shi a kan keken shi nake so in ba da labari, don jikokinmu sun fara ɗaukarsa tatsuniya.

Mu baƙi ne a ƙasar Kiru, ko da yake a nan aka binne cibiyarmu. Iyayenmu daga wajen Damagaram suka gangaro a shekarar wata babbar yunwa, suka sami masauki a wani ƙauye kusa da Yako, aka yanka musu gona. Iyakar abin da muka sani ke nan. Mun kuma taso muna jin matan unguwa suna gulmar Inna, wai mutanen arewa ba su da ta-ido, ga ta nan tana kiran ɗanta na fari da sunansa gatsal. Gaskiyarsu ta wani ɓangare, domin a wancan zamani mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi. Amma Inna tun daga bakin rijiya za ka ji tana ƙwala wa Sale kira. Abin yakan ba ni kunya ƙwarai.

Shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, Turawa suna nan ba su tafi ba, Baba ya riga ya rasu, Yaya ne maigida. Malamin ƙidaya ya zo tare da mai unguwa suka zauna a zaure. Ni na shigo daga gidan mijina, muna ɓarar gyaɗa da Inna a bayan zana, muna jin komai. Malamin ya tambayi Yaya ko shi ne babba a gidan. Yaya ya ce shi ne babba, shi ne ma ɗan fari. Sai Inna, ba ta ko daina ɓarar gyaɗarta ba, ta ce a hankali, "Ba kai ba ne."

Bayan baƙi sun tafi, ni ta gaya wa, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ashe da yaro suka baro gida, wanda bai daɗe da yaye ba. Kafin su iso ƙasar Bebeji ya rame har ba ya iya kuka. Suka faɗa wata ruga, wata Bafilatana ta ba shi madara ya farfaɗo, ta ce su bar shi ya yi ƙwari, in sun sami wurin zama su dawo. Da kaka ta yi Baba ya koma, ya tarar da mashekari babu kowa, Fulani sun tashi. Ya yi ta bin sawu har ya gaji, ya dawo ya ce kada a sake tayar da maganar. Inna ta rufe bakinta kusan shekara arba'in.

Yaya ya ce, "To Inna, mene ne sunansa?"

Ta ce, "Kai ma ka san ba zan faɗa ba."

Nan fa aka yi ta. Yaya mutum ne mai zafi, in ransa ya ɓaci har kunnuwansa rawa suke. Ya roƙe ta, ya turo mata liman, ya ce ta raɗa mini a kunne in ba za ta gaya masa ba. Ya ce mutumin nan in yana raye ya yi furfura, wace kunya kuma ta saura? Inna ta ce furfurarsa ba ta hana shi zama na fari ba. Ban taɓa ganin taurin kai irin na mutanen nan biyu ba, kuma kowannensu yana ganin ɗayan ne mai taurin kan.

Duk da haka ya ɗauki keke. Ya fara da malamin ƙidayar nan, yana zaton tunda an ƙirga kowa, to ɗan'uwansa yana cikin takarda. Malamin ya ce abin da ke hannunsa kawuna ne, maza kaza, mata kaza, ya je wajen malaman haraji da na jangali, su ne masu sunayen magidanta. Ya je. Kowanne ya tambaye shi sunan wanda yake nema, in ya ce bai sani ba sai a yi masa kallon mai taɓin hankali. Wani ma ya ce masa ya koma gida ya sha magani.

Sunan a wajena ya fito, kuma ba wayo ne ya ba ni ba, zaman ɗaki ne. Mace in tana kunyar suna, ba ta kiran duk mai irinsa. Na zauna ina bin mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya a raina. Inna tana kiran Garba, tana kiran Isa, tana kiran Audu. Sunan Baba ba ta faɗa, wannan mun sani. Amma akwai Haruna da yake kawo mana gishiri, tun ina yarinya ban ji ta ce masa komai ba sai Mai Gishiri. In kuma tana ba mu labarin Annabi Musa, sai ta ce shi da ɗan'uwansa, ta wuce. Na same ta tana kaɗi, na ce, "Inna, Haruna ne?" Ta ajiye mazari, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na je na ce wa Yaya ya hura tayarsa.

Rani biyu ya yi yana yawo. Da an gama girbi sai ya ɗaure buta da tabarma a bayan keke, matarsa tana mita, abokansa suna ce masa mai neman Haruna. Ya bi Bebeji, ya bi ƙauyukan da yanzu wasunsu suna ƙarƙashin ruwan Tiga. Takardun jangali suka ba shi Haruna har ya rasa na zaɓe, ya je ruga ya tarar da yaro, ya je wata ya tarar da tsoho tukuf. Da takarda ta gaza sai ya koma bin limamai. Hujjarsa ita ce duk namiji sai an ɗaura masa aure, kuma a wurin ɗaurin aure sai an tambayi ɗan wane ne. Yakan yi salla a masallacin gari, ya jira jama'a su watse, ya ajiye goro a gaban liman ya yi tambayarsa.

A wani ƙauye gaba da Tudun Wada ya dace. Wani tsohon liman ya ce ya taɓa ɗaura auren wani saurayi a ruga, da ya tambayi ubansa sai Arɗo ya ce amana ne, shekarar yunwa aka bar musu shi. Suna ce masa Haruna Kaɗo, wato Bahaushe, kuma sun yi kudu wajen duwatsun Doguwa. A can malamin jangali ya duba ya gaya masa rugar da yake.

Sai dai samun mutumin bai kwantar wa Yaya da hankali ba. Yaran da aka bari a rugage a shekarar nan ba ɗaya ba ne, Haruna kuma ba baƙon suna ba ne. Gidanmu ba a tsaga, balle a duba fuska a gane. Matar da ta raine shi ta rasu, shi kuwa bai tuna komai ba, Hausarsa ma ta Fulani ce. Yaya ya ce mini tsoronsa ɗaya, kada ya kawo wa tsohuwa ɗan wasu ta rungumi ƙarya, ko kuma ta ce ba shi ba ne a rasa inda za a sa fuska. Shi ma Harunan kara ce kawai ta sa ya biyo shi.

A nan sai na faɗi halin Inna da baƙi. Ba ta iya ganin baƙo ta yi shiru ba. Sai ta ji garinsu, da sunan uwarsa, da abin da aka shuka bana a wajensu, tana kallonsa ƙur har ya tsargu. To ranar da suka iso da hantsi, tana zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi, mutumin ya yi sallama daga zaure. Na ga hannunta ya tsaya. Kafin ya shigo ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe kanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, ba ta amsa ba. Ni ta kira, ta ce in kawo wa mutane ruwa.

Yaya ya fusata. Ya ce, "Inna, rani biyu ina yawo a kan keke. Ki dube shi mana, ko sau ɗaya, ki gaya mana shi ne ko ba shi ba ne."

Sai Haruna ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Hawaye yana bin gemunsa ya ce, "Bar ta, ƙanena. A ruga na tashi, na san wannan. Da ta dube ni ta yi mini hira, da gobe na koma wajen shanuna. Yanzu na san uwata ce."

Daga baya ta gaya mini sallamar ce ta gama mata komai. Muryar Baba ce ta ƙuruciya, wadda mu ba mu taɓa ji ba. 'Yan kwanakin da ya yi, ita ta riƙa yi masa tuwo da hannunta, ni nake kai masa, kuma in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta bi ta waccan. Ya koma da alkawarin zai dawo da iyalinsa bayan damina. Inna ba ta kai ƙarshen daminar ba.

Wannan abu ya daɗe yana cin Yaya. Har ya rasu yana cewa kunya ta cuci Inna, ta cuce shi. Na san da yana nan yau da ya yi murna da katin asibiti da rajistar makaranta, inda ake rubuta yaro da sunan ubansa da garinsu. Da ya ji 'yan matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa a tsakiyar kasuwa, da ya ce madalla, an huta. Ni ma ba na son a koma zamanin da mutum zai ɓace don babu mai iya faɗin sunansa. Amma ban yarda da shi duka ba, kuma na sha gaya masa. Takardun nan sun kai shi bakin ruga ne kawai, ba su iya ce masa wannan ɗan'uwanka ne ba. Wadda ta juya wa ɗanta baya ita ta faɗa.

Yaya bai bar dukiya ba. Gonarsa an raba, keken ma an daɗe da sayar wa masu gwangwan. Abin da ya bari shi ne duk kaka 'ya'yan Yaya Haruna da jikokinsa suna gangarowa daga Doguwa da shanunsu su sauka a gonakinmu, su ci kara su bar mana taki, yaransu suna ce mini Gwaggo da Hausarsu mai karkata. A wasu wurare manomi da makiyayi suna kallon juna da sanda a hannu, mu kuwa tare muke suna da biki.

Akwai kuma abin da ya bar wa Inna, wanda ni kaɗai na gani. Ranar da Yaya Haruna ya tafi, bayan an raka shi gidan ya yi tsit, ta kira ni ɗaki. Ta daɗe tana gyara bakin tabarma, sannan ta ce, "Auta, wa ya ɗauko?" Na ce, "Ke ya ɗauko, Inna. Goshin nan naki ne sak." Ta ɗaga hannu ta ɗora a goshinta, ta yi ta shafawa a hankali, kamar yadda ake shafa kan yaro in ana so ya yi barci.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya haɗa shi da Inna da Yaya Haruna a inda babu sauran rabuwa.