Ƙaramin Yatsan Yaya

Shekara arba'in da ɗaya Malama ta yi tana koyar da piyano a ɗakinta na saman shagon mai gyaran agogo, ba a taɓa ganin ta zauna a tsakiyar benci ba. Kullum tana hagu, wajen maɓallai masu kaurin murya, ɗalibi yana dama. Iyaye sun ɗauka ladabin sana'ar ke nan.

Su biyu ne wurin mahaifinsu, mai gyaran piyano: ita da yayarta. Ya ɗora su kan benci guda tun ƙafafunsu ba su kai ƙasa ba: Yaya a dama tana jan waƙar, ita a hagu tana tallafe ta. Sun yi kiɗan hannu huɗu a otal-otal da zaurukan makarantu, sau biyu a gidan rediyo. In aka tashi tafi, Yaya ake kallo. Wata Laraba, Malama na da shekara sha biyar, Yaya tana bita ita kaɗai, murfin piyano ya faɗo mata a hannun dama. Ƙaramin yatsanta ya warke a karkace. Aka ce iska ce. Tagar kuwa a rufe take, kuma mutum ɗaya ce tsaye kusa da murfin.

Yaya ba ta taɓa tambaya ba. Sai dai daga ranar, duk inda kiɗa ya nemi wannan yatsa takan ɗan dakata, kamar mai tsoron taka ƙaya, sannan ta wuce. Malama ta koyi jiran ta. Haka suka yi shekara tara, har ciwon ƙirji ya ɗauke Yaya.

Ɗaliban Malama sun yi suna da tsaftar hannu, amma dukansu da wannan ɗingishin suke fita. Ba ta taɓa ce wa kowa ya dakata ba. Hannunta ne ke tsayawa na rabin numfashi, ɗalibi ya bi ta bai sani ba. A cikin wannan rabin numfashin take jin Yaya a gefenta, da ɗumin kafaɗarta, tana shirin buɗe baki. Ana ganin koyarwa take. Ita kuwa tambayar take jira.

Wadda ta fi kowa a ɗalibanta ita ce 'yar mai kemis, da ake kira Doguwa. Ta je gwajin shiga makarantar kiɗa, aka ba ta wata guda ta gyara ta dawo, daga nan babu wata dama. Da la'asar ta hau bene, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Malama, tsohon da ya saurare ni yana gaishe ki."

"Ya san ni ne?"

"Ko sunanki ban faɗa ba. Layi uku na buga ya ce, 'Ke ma ta saman mai agogo ce? Ku bakwai ke nan, duk guragu a wuri ɗaya.' Malama, yatsana lafiyarsa ƙalau. Ga shi."

"To, uwar iyayi, an fita an ga gari. Zauna."

"Zan zauna. Amma don Allah yau kar ki ja ni."

"Ni ke jiran ki, 'yar nan."

"A'a. Na ɗauke mu a waya na saurara har sau shida. Ke kike fara tsayawa."

Suka fara. Malama ta san yarinyar: baki ne kawai, in ta riƙe hannu yarinyar za ta bi ta, ta faɗi gwajin, Yaya kuma ta zo kamar kullum. Wurin dakatawar yana matsowa, saura layi biyu, saura ɗaya.

Malama ba ta tsaya ba. Ƙaramin yatsan Doguwa ya sauka daidai kan lokacinsa, kiɗan ya wuce sumul. Babu wanda ya zo gefenta, kuma ta gane ba za a sake zuwa ba.

"Ni ce na saki murfin, Yaya," in ji ta.

"Na'am, Malama?"

"Ba da ke nake ba. Ci gaba."

Doguwa ta ci gwajin. Malama ta ƙara shekara huɗu tana koyarwa, a tsaye, hannuwanta goye a baya. Ba ta sake taɓa maɓalli ba har ta rasu.